Gwanintar Sa Wa Gidan Ƙarfe Rigar Sanyi

A Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba na ƙasar Kanada, akwai dararen watan Janairu da sanyi kan zarce digiri 30 ƙasa da sifili. A cikin gida kuwa ana son ɗumi ya tsaya a wajen digiri 21, yara suna wasa a ƙasa ba takalmi. Tazarar digiri 50 ke nan tsakanin ciki da waje, kuma abin da ya raba su bango ne wanda da wuya kaurinsa ya wuce santimita 30. Idan ƙashin ginin na katako ne, da ɗan sauƙi. Idan na ƙarfe ne, to a nan ake gane wanda ya iya aiki da wanda ya zo cika rana kawai.

Ƙarfen da ake magana a kai falle ne siriri, kaurinsa wajen milimita 1, an shafe shi da tutiya don kada ya yi tsatsa, an lanƙwasa shi a inji ya ɗauki siffar harafin C. Ana tsayar da waɗannan ginshiƙai kowane santimita 40 ko 60, ƙafarsu da kansu a cikin wani ƙarfen kwance mai siffar harafin U. Gara ba ta cin sa, ba ya ruɓewa, ba ya kama wuta, ba ya karkacewa kamar ɗanyen katako in ya bushe. Aibinsa guda ne, amma babba: zafi yana bin jikin ƙarfe da saurin da ya ninka na katako kusan sau 400. Kowane ginshiƙi, komai sirantakarsa, hanya ce buɗaɗɗiya da ɗumin ɗaki ke bi ya fice waje. Masana gini suna kiran irin wannan hanya gadar zafi.

Ga abin da mai son jiki yake yi. Ya ɗauko audugar tare zafi, ya cusa tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi kamar yadda ake yi a gidan katako, ya rufe da allo, ya karɓi kuɗinsa. A ido aikin ya cika. A Arewacin Amurka ana auna ƙarfin tare zafi da maki mai suna R, kuma gwargwadon yawan makin gwargwadon tarewar. Ƙungiyar injiniyoyin ɗumama gini da sanyaya shi ta Amurka, ASHRAE, tana da jadawali a kan wannan: audugar da aka rubuta R-19 a jikinta, in an sa ta tsakanin ginshiƙan ƙarfe masu tazarar santimita 40, aikin da take yi bai wuce na R-7.1 ba. Mai R-13 takan koma R-6. Mai gida ya biya kuɗin abu cikakke, ƙarfe ya kwashe fiye da rabi. Bayan sanyi ɗaya ko biyu sai shaida ta fito a jikin fenti: layuka masu duhu-duhu a tsaye, kowanne daidai inda ginshiƙi yake, domin ƙura da hayaƙi sun fi manne wa wurin da ya fi sanyi.

Asarar ɗumi kuɗi ce kawai. Abin da ke kashe gini shi ne ruwa. Numfashin mutanen gida, girki, wanka, shanya, duk suna zuba tururi cikin iskar ɗaki, lita-lita a kowace rana. Iska mai ɗumi tana riƙe tururi da yawa, in ta huce sai ta kasa, ta sauke shi ya zama ruwa. Matakin sanyin da hakan ke faruwa shi ne matakin raɓa. Iskar ɗaki mai digiri 21 da laimar kashi 40 cikin 100 takan fara zubar da ruwanta a kan duk abin da sanyinsa ya kai digiri 7. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano marar silin a ƙarshen damina, ya ji ɗigo yana sauko masa da asuba alhali ba a yi ruwa ba, ya riga ya san wannan: kwanon ne ya huce cikin dare, laimar ɗakin ta taru a cikinsa. A bangon Winnipeg ɗigon yana faruwa ne a ɓoye, a bayan allo. Ya daskare cikin sanyi, ya narke da bazara, ya jiƙa auduga, ya kawo fumfuna, ya fara cin ƙarfen ta bakin yanka da ramin ƙusa, wuraren da tutiya ta fi rauni.

Maganin da gwani ya riƙe ba sabo ba ne. Tun a 1964 Neil Hutcheon, na Hukumar Bincike ta Ƙasa ta Kanada, ya rubuta wata gajeriyar ƙasida da ta nuna cewa ƙashin gini ya fi zama lafiya idan abin tare zafi yana wajensa. Daga baya Joseph Lstiburek, injiniya haifaffen Kanada, ya yaɗa wannan tunani da sunan cikakken bango, ya jera abubuwa huɗu da bango zai tare bisa girman haɗarinsu: ruwan sama, sai iska, sai tururi, sannan zafi. A taƙaice, kada a bar ƙarfen a tsakiyar faɗan ɗumi da sanyi. A sa wa gidan riga daga waje, ƙarfen duka ya koma cikin ɗumi tare da mutanen gida. Ƙarfen da bai taɓa hucewa zuwa digiri 7 ba, raɓa ba za ta sauka a kansa ba.

Aikin yana farawa tun ba a taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Gwani yakan shimfiɗa zanen ginin, ya ɗauki jan biro, ya ɗora a gindin tushe, ya bi layin da zai tare iska: ya hau bango, ya zagaya taga, ya haye rufi, ya sauko ta ɗaya gefen, ya dawo inda ya fara ba tare da ya ɗaga biron ba. Duk inda biro ya tsaya don ba a san me zai haɗa wannan da wancan ba, nan ne iska za ta bi. A nan yake zama da mai zane su warware, domin gyara a takarda ba ya cin komai.

Dalilin wannan tsanani a kan iska yana cikin wani lissafi da Lstiburek ya shahara da kawowa. Allon bango guda mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 2.4, in ba huda a jikinsa, tururin da zai ratsa shi a duk tsawon lokacin sanyi bai wuce sulusin lita ba. Huda shi rami ɗaya mai santimita 2.5 kowane gefe, iska za ta shigar da ruwa kusan lita 30 ta nan. Ninki 90 ke nan, daga ramin da babban yatsa zai iya toshewa.

Tun ana tsayar da ƙarafa gwani yake wurin, abin da mutane da yawa ba sa yi. Kafin a kwantar da ƙarfen ƙasa a kan kankare sai ya shimfiɗa siririn soso mai laushi a ƙarƙashinsa, ya cike ƙananan ramukan kankaren, ya kuma raba ƙarfe da danshi. A kusurwoyi da saman ƙofa da taga akan haɗa ƙarafa biyu fuska da fuska su zama kamar akwati. Da zarar an ɗaure su, hannu ba zai sake shiga ciki ba har abada. Saboda haka yakan tsaya a gefen masu ɗaurin da yankakkiyar auduga a hannu, ya cika kowane akwati kafin a rufe. Ramukan da aka huda a jikin ginshiƙai don wayar lantarki da bututun ruwa yakan sa musu zoben roba, kada kaifin ƙarfe ya yanke waya, kada kuma bututun tagulla ya taɓa ƙarfen su ci juna.

Sai a rufe ƙashin daga waje da allon jibsam mai fuskar zaren gilas, wanda ke jure ruwa. A kan wannan allo ake manna leda mai ɗauke da gam a bayanta, ita ce za ta tare ruwa da iska gaba ɗaya. Kallon yadda ake manna ta abin sha'awa ne. Ana share allon sai ba ƙura. In ledar mai buƙatar shafi ce, a shafa, a jira ya yi danƙo. Ana farawa daga ƙasa a hau sama, kowane falle ya hau kan na ƙasa da shi da santimita 5 ko fiye, yadda ruwan da ya gangaro zai riƙa tsallake haɗi maimakon ya shige ciki. Mutum ɗaya yana ɓare takardar baya a hankali, ɗaya yana bi da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe yana korar iska. Sannan a bi da ƙaramar rola mai nauyi, a danne ko'ina. Gam ɗin irin wanda sai an matsa yake kamawa ne, shi ya sa shafawa da hannu kaɗai ba ta isa. Rago yakan tsallake rola domin a ranar ba a ganin bambanci. Gwani yakan bi kowane haɗi sau biyu, in ya ga ƙaramin lanƙwasa ya buɗe baki sai ya yanke shi, ya kwantar, ya manna faci a kai.

Taga ita ce ta fi cin lokaci, kuma ta cancanci hakan. Ana ɗan karkata dandamalinta zuwa waje, a lulluɓe shi da leda wadda ta hau gefe biyu, a naɗe kusurwoyin ba tare da an bar ko ramin allura ba, domin a kusurwa ruwa yake taruwa. Sai gefuna, sai sama a ƙarshe. Tunanin da ke bayan wannan shi ne cewa wata rana tagar za ta yi yoyo, ko bayan shekara 20, kuma ran da ta yi, ruwan ya tarar da hanyar fita a shirye. Duk bututu da waya da za su ratsa bango ana fito da su yanzu, kowanne ta raminsa, a ɗaure wuyansa da faci mai miƙewa.

A daidai wannan gaɓa, ledar tana fili ba a rufe ta ba, gwani yake kiran mai gwajin iska. A rufe tagogi, a kafa babbar fanka a bakin ƙofa cikin wani firam mai tanti, a zuƙe iskar gidan har bambancin matsi tsakanin ciki da waje ya kai faskal 50, kwatankwacin iska mai gudun kilomita 30 da ɗoriya a awa tana bugun gidan ta kowane gefe. Na'ura ta nuna sau nawa iskar gidan duka ke sauyawa a awa guda. Tsarin R-2000 na Kanada ya sa iyaka a 1.5, tsarin Passivhaus na Jamus kuma 0.6. Fanka tana juyawa, ma'aikata suna zagayawa da ɗan abin fitar da hayaƙi da bayan hannu, suna neman inda iska ke shigowa, suna toshewa nan take, lambar tana sauka a gabansu. Wanda ya bari sai an gama gini kafin ya gwada, lamba kawai zai samu, ba zai iya kai hannu ga ramin ba.

Yanzu sai rigar kanta. Da yawa sun fi son audugar dutse: ana narkar da baƙin dutse a zafin da ya kai wajen digiri 1,500, a kaɗa shi ya zama zare, a matse ya zama allo mai tauri. Kamfanin Rockwool na Denmak yana yin ta tun 1937. Iskar da ke maƙale tsakanin zaren ita ce ke tare zafi. Ba ta shan ruwa da sauƙi, tururi yana ratsa ta ya fita, kuma tana jure wuta har sama da digiri 1,000. Akwai kuma allunan kumfa, waɗanda suka fi ta tarewa a kauri ɗaya, amma suna ci da wuta kuma yawancinsu ba sa barin tururi ya wuce.

Kafin allo na farko ya hau, sai an yi alamar kowane ginshiƙi a sama da ƙasan bango, domin da zarar an rufe ba za a sake ganinsu ba. Wanda ya ɓace akan nemo shi da maganaɗisu. Ana yanka audugar da doguwar wuƙa mai haƙora irin ta yanka burodi, a ja ta a hankali ba tare da dannawa ba, yankan ya fita a miƙe. Ana jera allunan a matse, gefe ya daki gefe. In ana son kaurin santimita 15, gwani ba ya sa allo ɗaya mai kaurin haka. Yakan sa biyu, na biyun ya hau kan haɗin na farko, yadda babu wata tsaga da ta ratsa daga waje har ciki. A kusurwa ma haka yake saƙa su, wannan ya wuce a jerin farko, wancan ya wuce a na biyu.

Wurin da na fi jinjina wa masu wannan sana'a shi ne ɗaurin. A kan audugar ana tsayar da sirarran sanduna, na katako ko na ƙarfe, waɗanda za su riƙe fatar ginin ta waje. Abin da zai riƙe sandunan kuwa ƙusa ce mai murɗi, doguwa, mai bakin da ke huda ƙarfe da kansa. Dole ta ratsa sanda, ta ratsa auduga santimita 15, ta ratsa leda da allo, ta faɗa kan kafaɗar ginshiƙi wadda faɗinta santimita 4 ne kacal, kuma ba a ganinta. In hannu ya karkace kaɗan a waje, bakin ƙusar ya kauce a ciki. Sai ka ga gwani ya buga layi da igiyar alli, ya dafa injin da hannu biyu, gwiwar hannu a manne da jiki, ya tura a miƙe. A hannunsa yake jin labari: laushin auduga, ɗan taurin allo, sai turjiyar ƙarfe, sai kamawa. Ƙa'ida ita ce aƙalla zare uku na ƙusar su fito ta bayan ƙarfen. In ya ƙara murɗawa fiye da kima, siririn ƙarfen zai cinye, ƙusar ta riƙa juyawa a banza. In ya matse sandar da yawa, audugar ta lotsa, bango ya fito da tudu da kwari. Shi ya sa yake ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya a kan jerin, ya sassauta wannan rabin juyi, ya ƙara wa wancan. In kuma ƙusa ta kauce wa ginshiƙi, ba ya zare ta ya wuce kamar ba a yi komai ba, domin ta bar rami a leda. Ko dai ya bar ta a ciki ta toshe raminta, ko ya ɗaga audugar ya manna faci.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauri: a ɗaura dogon ƙarfe mai siffar harafin Z daga ginshiƙi har waje, a cusa auduga a tsakani. An daɗe ana yin haka, kuma gadar zafin da aka gudu ce aka sake ginawa, tana iya cinye rabin amfanin audugar. Ƙusoshi ɗaiɗai ko ƙananan maƙalai na zaren gilas ɓarnarsu kaɗan ce. Ƙusar ƙarfen da ba ya tsatsa ta fi, domin zafin da ke bin ta bai wuce sulusin na ƙarfen gama-gari ba.

Sandunan suna barin rata ta wajen santimita 2 tsakanin auduga da fatar waje. Ruwan da ya tsallake fatar yakan gangara ta nan ya fita ƙasa, iska kuma ta bi ta busar da wurin. Ana sa raga a sama da ƙasa saboda ƙwari da ɓeraye. Wannan rata tana iya zama hanyar wuta idan kayan da ke gefenta masu ci ne, kuma gobarar benen Grenfell a Landan, ranar 14 ga Yuni 2017, wadda ta ci rayuka 72, ta nuna wa duniya hakan. Mai aikin kirki yana duba dokar wuta kafin ya zaɓi kaya, kuma a gini mai hawa yana sa abin datse wuta a inda doka ta ce.

Ko za a ƙara auduga a ciki, tsakanin ginshiƙai? Ana iya ƙarawa, amma da lissafi, domin duk abin da aka ƙara a ciki yana hana ɗumin ɗaki isa ga allon waje. Matsakaicin sanyin Janairu a Winnipeg wajen digiri 16 ne ƙasa da sifili. In rabin tarewar tana waje rabi tana ciki, allon zai zauna a wajen digiri 2 ko 3, ƙasa da matakin raɓa. In kashi biyu cikin uku yana waje, zai kai kusan digiri 9, ya tsira. In za a sa audugar ciki, ana sayen wadda aka yanka don ƙarfe, mai cikakken faɗi, a tura gefenta cikin buɗaɗɗen bakin C ɗin, a tsaga ta gida biyu waya ta kwanta a tsakiya, a yanke gurbin soket daidai girmansa. Kuma ba a kulle bango tsakanin leda biyu marasa numfashi, ɗaya ciki ɗaya waje. Ko ta yaya danshi zai shiga wata rana, dole a bar masa gefe guda da zai bushe. A ƙasashe masu zafi da laima, inda na'urar sanyaya ɗaki ke aiki, lissafin yakan juye: tururin yana tahowa daga waje, gefen ciki ne mai sanyi, saboda haka leda marar numfashi a cikin ɗaki ita ce ke tara ruwa.

Rigar ba ta tsayawa a gindin bango. Tana sauka ta rufe gefen tushen kankare, da allon kumfa mai jure danshin ƙasa. A sama kuma tana haɗuwa da ta rufi ba yankewa. In an bar giɓi a wannan haɗi, ɗumi ya tsere ya narkar da dusar ƙanƙarar da ke kan rufi, ruwan ya gangaro zuwa baki mai sanyi ya sake daskarewa, ya yi madatsa, na baya ya koma ƙarƙashin rufin ya shiga gida. Da sanyin farko ya kankama, gwani yakan dawo da kyamara mai ganin zafi, ya haska bangon daga waje da dare. A gidan da aka cusa wa auduga tsakanin ƙarafa kawai, hoton yana nuna kowane ginshiƙi ɗaya bayan ɗaya. A nasa bangon launi ɗaya ne shimfiɗe, sai 'yan ɗigo inda ƙusoshi suke.

Gidan da aka toshe haka yana buƙatar a ba shi iska da gangan. A 1977 aka gina wani gidan gwaji a birnin Regina na lardin Saskatchewan, Harold Orr yana cikin injiniyoyin da suka yi shi, kuma yana daga cikin gidajen farko da aka sa wa na'urar sauya iska mai ceto ɗumi. A yau irinta ta zama ruwan dare a sababbin gidajen Kanada. Akwati ne mai fanka biyu: ɗaya tana janye gurɓatacciyar iska mai laima daga kicin da banɗaki, ɗaya tana shigo da sabuwa zuwa ɗakunan kwana da falo. A tsakiyar akwatin iskokin biyu suna wuce juna ta tsakanin sirarran faifai ba tare da sun gauraya ba, mai fita ta miƙa wa mai shigowa kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na ɗuminta. Mai saita ta yakan auna kowane bakin bututu har abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita, domin in shigowa ta rinjaya, matsin cikin gida zai riƙa tura iska mai laima cikin bango ta duk ramin da ya rage. Daga nan ya nuna wa mai gida inda matatar take da yadda ake zare ta a wanke duk bayan 'yan watanni, ya kuma ce masa ya riƙe laimar ɗaki tsakanin kashi 30 da 40 cikin 100 har sanyi ya wuce.